Zoɓona yana kumfa idan ya kwana: ya dace in koyi sanin tsimuwa daga maƙwabciya mai haɗa giyar abarba?

Maman_Husna_Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sana'ar zoɓo da kunun aya a Agege, ina kai wa masu shaguna da ke kusa da mu. Damuwata ita ce duk ranar da aka ɗauke wuta zoɓon ya kwana a waje, sai in tarar gorunan sun kumbura sun yi tauri, idan na buɗe su yi huci, kumfa ta taso, ƙamshin kuma ya sauya, dole in zubar domin zuciyata ba ta yarda in sayar wa Musulmi abin da nake shakka a kansa ba. A gidan da muke haya akwai wata dattijuwa Bayarabiya, Kirista ce, wadda take haɗa giyar abarba da ta ayaba a ɗakinta domin iyalinta lokacin bukukuwansu. Ta ga yawan asarar da nake yi, sai ta ce in zo ta nuna mini yadda abin yake faruwa, tunda ita tsimuwar take nema, ni kuwa gudunta nake yi. Ta kuma ce ɓawon abarbar da nake zubarwa ana iya yin khal, wato ruwan tsamin da ake kira binega, da shi. Tambayata biyu ce: ya dace in zauna da ita in koya, kuma khal ɗin da za a yi ta wannan hanya ya halatta?

Alhaji_Sani_Mile12:
Wa alaikumus salam. Hajiya, shawarata ita ce ki yi mata godiya cikin mutunci, amma kada ki shiga ɗakin da ake haɗa giya da sunan koyo. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ki rage yawan abin da kike yi a rana, ki sayi ƙanƙara, matsalar za ta ragu.

Ladi_Ojo:
Ni Kirista ce daga Filato, kuma na taso a gidan da mahaifiyata take dafa burukutu da kunun zaki a tsakar gida ɗaya, saboda haka ina ganin ina da abin faɗa. Alhaji, ina girmama maganarka, amma abin da na gani da idona shi ne masu dafa burukutu sun fi kowa sanin inda kunu yake ƙarewa giya ta fara. Mahaifiyata tana da tukwane da ƙore da muciya na burukutu daban, na kunu daban, kuma ba ta taɓa bari a ɗebi kunu da ludayin da ya shiga burukutu ba, domin ta san ɗan abin da ya maƙale a jikin ludayin ya isa ya tayar da randa guda cikin dare. Maƙwabtanmu Musulmi suna sayen kununta ba tare da fargaba ba saboda sun san wannan tsari nata.

Yadda ake burukutu shi ne a jiƙa dawa, a shanya ta a rufe har ta yi tsiro, a busar, a niƙa, a dama, a bar ƙullun ya yi tsami, a dafa shi sosai, idan ya huce sai a zuba masa ɗan ragowar tsohon burukutu. Wannan ragowar ita ce take tayar da shi. Idan kika lura, 'yar'uwa, tsohuwar gorar da ba a wanke sosai ba aikin ragowar nan take yi wa zoɓonki. Ban ce ki koyi dafa giya ba, amma dattijuwar nan gaskiya ta faɗa miki cewa ta san abin da ke damun kayanki.

Malam_Idi_Araba:
Allah ya saka wa mai tambaya da alheri domin ta tambaya kafin ta aikata. Akwai abubuwa da ya kamata a rarrabe. Haramcin giya bai tsaya ga mai sha ba, domin hadisi ya zo da la'antar mai matse ta, da wanda aka matse dominsa, da mai ɗaukarta, da mai sayar da ita. Saboda haka idan zaman zai kai ki ga yanka mata abarba, ko auna mata sukari, ko riƙe mata mazubi a lokacin da take haɗa giyarta, to wannan bai halatta ba. Amma ki tambaye ta alamomin da take gane tsimuwa da su, ki saurara, ki yi amfani da su wajen tsare sana'arki daga haram, wannan ban ga laifinsa ba, kuma haƙƙin maƙwabtaka yana nan ko addini ya bambanta.

Shari'a ma ta yi magana a kan irin matsalarki tun farko. A cikin Sahihu Muslim, Abdullahi ɗan Abbas ya ruwaito cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, daga nan sai ya sa a shayar da shi ko a zubar. Kuma duk wanda ya karanta Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya san an hana jiƙa irin wannan abin sha a cikin duma da mazubin da aka shafe da kwalta, an kuma hana haɗa nau'i biyu kamar dabino da zabibi a jiƙo ɗaya, kuma malamai sun ce dalilin shi ne suna gaggauta tsimuwa mutum bai sani ba. Kin ga ke nan sanin mazubi da sanin lokaci wani ɓangare ne na kiyaye addini.

Alhaji_Sani_Mile12:
Malam, na karɓi bayaninka. Sai dai ina tambaya, mene ne dattijuwar za ta faɗa mata wanda ba za ta samu a wurin matan Hausawa masu zoɓo ba? Suna nan da yawa a Agege.

Malamin_Kimiyya_Ikorodu:
Alhaji, bari in amsa wannan gwargwadon abin da nake koyarwa a aji. Matanmu masu zoɓo sun san cewa yana lalacewa, amma da yawa suna haɗa lalacewa iri biyu wuri ɗaya, alhali ba ɗaya ba ne. Akwai tsamin da wasu ƙwayoyin bakteriya suke kawowa, irin na nono da kamu da ƙullun waina, wanda yawancinsa tsami ne kawai. Akwai kuma aikin yis, wanda yake cin sukari ya fitar da abu biyu, barasa da iskar kabon. Iskar nan ce take kumbura gorar Maman Husna, ita ce kuma hucin da take ji. Saboda haka gorar da ta yi tauri alama ce mai ƙarfi cewa yis ya fara aiki. Louis Pasteur na Faransa ne ya tabbatar tun a shekarun 1850 zuwa 1860 cewa ƙananan halittu masu rai ne suke yin wannan aiki.

Yis ɗin ba sai an saya an zuba ba. Yana zaune a jikin ɓawon 'ya'yan itace, musamman abarbar da ta nuna sosai, yana kuma jikin rariya da bokiti da hannu. Zafin Legas, wanda da rana yakan kai digiri 30 ko ya wuce, shi ne daidai yanayin da yake so. Firij ba ya kashe shi, rage masa gudu kawai yake yi, shi ya sa da zarar wuta ta tafi sai ya ci gaba daga inda ya tsaya. Mai haɗa giya a gida ta san waɗannan abubuwa a aikace domin kullum tana lura da kumfa, da ƙamshi, da raguwar zaƙi, ko da ba ta san sunayensu na makaranta ba. Wannan ne abin da take da shi wanda ba kowace mai zoɓo take da shi ba.

Ina so in tambayi Maman Husna: abarbar dafa ta kike yi tare da zoɓon, ko markaɗa ta kike yi ki zuba bayan ya huce?

Maman_Husna_Agege:
Malam, ɓawon nake dafawa tare da zoɓo da citta da kanumfari, naman kuma in markaɗa in tace in zuba ɗanye bayan ya huce, domin masu saye sun fi son ƙamshinsa haka. Gorunan kuwa ina saye ne daga masu tara su, in wanke da omo.

Hajiya_Binta_Obalende:
To ai ga amsar nan a cikin maganarki, ƙanwata. Dahuwar ta kashe abin da ke cikin zoɓon, sai ɗanyen ruwan abarbar ya dawo da shi, tsohuwar gora kuma ta ƙara. Ni abin da nake yi shi ne in zuba ruwan abarbar tun zoɓon yana kan wuta ya ɗan tafasa tare, sukarin ma in narkar da shi a ruwan zafi, sannan in rufe tukunyar har ta huce ba tare da an tsoma komai a ciki ba. Ƙamshin yana raguwa kaɗan, gaskiya ne, amma asarar ta fi raguwa. Goruna kuma sababbi nake saye a dozin, in ɗora kuɗinsu a kan farashi.

Game da koyo daga maƙwabta, ni wata Bayarabiya mai sayar da ogi ce ta koya mini sauya ruwan kamu kullum da safe domin kada ya yi wari, kuma har yau ina yi mata fatan alheri. Mun zo garin mutane, muna zaune gida ɗaya da su, muna ɗiban ruwa a famfo ɗaya. Kunun aya kuwa kada ki wahalar da kanki, shi ba ya jure zafi ko na yini ɗaya, balle an sa masa dabino da kwakwa. Ki yi wanda zai ƙare kafin la'asar.

Ummu_Khalil:
Ni abin da ya dame ni ba a taɓo shi ba. Mai sana'ar abin sha da amana take ciniki. Idan aka fara ganin Maman Husna tana shiga tana fita ɗakin da kowa a layin ya san ana haɗa giya, magana za ta bazu cewa zoɓonta akwai wani abu a ciki, kuma irin wannan magana ba ta gogewa da sauƙi. Sannan akwai yara a gidan da suke kallon abin da uwa take yi. Idan za a yi maganar, a yi ta a tsakar gida a gaban kowa, kuma da sanin maigidanta.

Danladi_Epe:
Ina goyon bayan Ummu Khalil a kan a yi komai a fili. Ina so in ƙara da abin da na gani a nan Epe, inda nake aikin gona kusa da masu tatsar bammi, wanda Yarabawa suke kira emu. Wani daga cikinsu ya taɓa nuna mini gorar da ya sauke daga bishiya da sassafe. Ruwan fari ne, ƙudan zuma suna bin sa saboda zaƙi, amma tun a lokacin akwai ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa, domin gorar da yake ratayawa ba ya wanke ta, da gangan yake barin ragowar jiya. Kafin azahar ƙamshin ya yi ƙarfi, washegari kuma tsami ya fara rinjaya. Na ji wasu 'yan'uwanmu suna cewa bammin safe ba giya ba ne, ruwan itace ne kawai. Mai tatsar da kansa ya ce mini tun yana ɗiga cikin gora da dare yake fara tashi, saboda haka ba ya iya rantsewa cewa akwai lokacin da babu komai a cikinsa. Wannan bayani daga bakinsa ya fi amfanar da ni fiye da gardamar da muke yi a majalisa.

Malam_Idi_Araba:
Abin da Danladi ya kawo ya dace da ƙa'idar da hadisi ya shimfiɗa, cewa duk abin da mai yawansa yake bugarwa to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Yanzu bari in koma tambaya ta biyu, wadda aka bari a baya. Khal kansa halal ne, Manzon Allah ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye ta zama khal da kanta ta tsarkaka. Inda suka saɓa shi ne mutum ya ɗauki giya ya mayar da ita khal da hannunsa. Akwai hadisin Anas cewa an tambayi Annabi a kan mayar da giya khal ya ce a'a, kuma da shi Shafi'iyya da Hanbaliyya suka yi riƙo. Hanafiyya sun halatta, a mazhabarmu ta Malikiyya kuma an ruwaito magana fiye da ɗaya a kan aikin, ko da yake abin da ya shahara shi ne idan ta riga ta zama khal ta tsarkaka. Wasu malamai sun kuma bambance tsakanin wanda ya mallaki giya da wanda ya ajiye ruwan 'ya'yan itace da niyyar khal tun daga farko. Ina ba ki shawara ki kai wa malamin unguwarku bayanin yadda za a yi shi dalla-dalla, domin hukunci yana bin surar aiki.

Malamin_Kimiyya_Ikorodu:
Domin a kai wa malamin cikakken bayani, ya kamata a san cewa babu khal ɗin da ake yi ta hanyar tsimuwa wanda bai bi ta barasa ba. Yis ne yake fara mayar da sukari barasa, sannan wasu bakteriya masu buƙatar iska su mayar da barasar tsami. Bambancin yana wurin mazubi. Mai son giya yana toshe iska, mai son khal kuma yana barin bakin tulun a buɗe, ya ɗaure shi da ƙyalle mai tsabta domin kada ƙananan ƙudaje su shiga, sai ayyukan biyu su riƙa tafiya kusan tare, barasar tana samuwa ana cinye ta. Bayan 'yan makonni wata fatar yauƙi takan kwanta a saman ruwan, wadda alama ce ta cewa aikin yana tafiya daidai. Khal ɗin kanti yawanci tsaminsa kashi 4 zuwa 5 cikin 100 ne, na gida kuma ba a san ƙarfinsa ba sai an auna, saboda haka ya fi dacewa da kwaɗo da wanke ganye, kada a dogara da shi wajen adana abinci na dogon lokaci.

Bitrus_Festac:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, domin na san yawancinku Musulmi ne kuma ba na son in ɓata wa kowa rai. Ni ina haɗa ruwan inabi na gida, wato giya, na abarba da na zoɓo, kuma daga wani dattijo maƙwabcina na koya, ba daga intanet ba. Abin da ya fara koya mini, kafin ya bar ni in taɓa ko abarba ɗaya, shi ne wanke kaya da tafasasshen ruwa. Na biyu shi ne yadda ake sa siririn tiyo a murfin jarka a tsoma ɗaya bakin a cikin kwalbar ruwa, domin iska ta fita amma kada ta shiga. A makon farko za ka ji kwalbar tana ɓulɓul dare da rana, daga baya ta lafa, laka ta kwanta a ƙasa, ruwan ya fara washewa. Ya gargaɗe ni sosai kada in toshe kwalbar gilashi alhali da sauran zaƙi a ciki, domin tana iya fashewa ta ji wa mutum rauni. Wannan gargaɗi ya shafi mai zoɓo ma.

Abin da nake so Maman Husna ta ɗauka shi ne, idan zan haɗa na zoɓo, abin da nake zubawa shi ne zoɓo, sukari, abarba, sai yis, in ajiye a wuri mai ɗumi. Uku daga cikin huɗun nan suna cikin gorarki, yis yana shiga da kansa, ɗumin kuma Legas ta bayar. Duk abin da ni nake yi domin ya tashi, ke ki yi akasinsa. Ba sai kin shiga ɗakin kowa kafin ki fahimci wannan ba, amma idan dattijuwar ta shinshina gorarki za ta gaya miki matakin da ta kai, kuma hancin da ya saba ba a samunsa a rubuce.

Alhaji_Sani_Mile12:
Bitrus, na gode da ladabin da ka yi magana da shi. Amma ka ga abin da nake gudu ya faru a nan, domin yanzu duk wanda ya karanta ya san yadda ake haɗa ta, har da matasanmu.

Ladi_Ojo:
Alhaji, matashin da yake neman giya a Legas ba ya buƙatar jira makonni, tana nan a bakin kowace tasha. Haɗarin da ya fi girma shi ne na jahiltar abin da ake zubawa a ciki. A shekarar 2015 mutane da dama sun mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo, wasu kuma a jihar Ribas, bayan sun sha ogogoro, wata giyar gargajiya mai ƙarfi, mai ɗauke da gubar metanol, wadda take makantar da mutum kafin ta kashe shi.

Hajiya_Binta_Obalende:
Kuma kada mu ɗauka irin wannan masifa ta tsaya ga masu shan giya. Mu tuna abin da ya faru a Kano a shekarar 2021, lokacin da aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da garin da aka sayar da sunan ɗan tsami, daga baya hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta bayyana cewa wani sinadari ne daban mai guba. Na kawo wannan ne domin na san idan zoɓo yana lalacewa za a samu mai cewa ki sayi wani gari a kasuwa ki zuba ya daɗe. Kada ki zuba abin da ba ki san sunansa da adadinsa ba, ƙanwata, komai arharsa.

Injiniya_Oshodi:
A kan maganar Hajiya Binta, akwai cibiyar binciken masana'antu ta tarayya, FIIRO, a nan Oshodi, wadda aka kafa tun 1956. Sun yi suna wajen binciken yadda ake adana abin sha na gargajiya a kwalba, kuma suna horar da masu ƙananan sana'o'i. Idan sana'ar za ta girma har ta kai ga neman rajistar NAFDAC, can ya kamata a nufa a tambayi hanyar ɗumama abin sha a kwalba da adadin maganin adanawa da doka ta yarda da shi. Wannan bai hana sauraron maƙwabciya ba, amma awo da ma'auni sai wurin masu kayan awo.

Maman_Husna_Agege:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na yi magana da maigidana, ya ce babu laifi in kai wa dattijuwar gorar da ta kumbura a tsakar gida ta duba, amma ban da shiga ɗakin da kayan haɗinta suke, ban da kuma taya ta komai, kamar yadda Malam da Ummu Khalil suka faɗa. Zan fara dafa ruwan abarbar kamar yadda Hajiya Binta ta ce. Maganar khal na dakatar da ita sai na ji daga limaminmu.

Alhaji_Sani_Mile12:
Allah ya sa albarka a sana'ar. Ni dai har yanzu ina ganin abin da Hajiya Binta da Malamin Kimiyya suka faɗa ya wadatar ba tare da an je wurin dattijuwar ba.

Ummu_Khalil:
Akwai abin da har yanzu ban ji amsarsa ba, kuma ya shafi duk mai wannan sana'a. Idan gora ta ɗan yi tauri amma zaƙin yana nan, babu warin giya, kuma ko mutum ya sha jarka guda ba zai bugu ba, ya halatta a sayar ko dole a zubar? Malam Idi-Araba, muna jiran bayaninka, Malamin Kimiyya kuma ya gaya mana ko sake tafasa shi yana fitar da abin da ya fara samuwa a ciki.